Sharuɗɗan shiga gasar mota ta agogo

Gasar mota ta agogo wani reshe ne na wasan tseren motoci inda ake auna lokacin da kowane direba ya ɗauka kafin ya kammala wata tazara da aka ƙayyade, wanda lokacinsa ya fi gajarta shi ne ya yi nasara. Motocin ba sa tashi a jere kamar dawakin sukuwa. Ana sakin su ɗaya bayan ɗaya, ko kuma a bar su a fili tare amma kowace da lissafinta. Da yake babu gogayya ta kafaɗa da kafaɗa, ana ɗaukar wannan gasa a matsayin ƙofar da direbobi da yawa ke bi su shiga wasan motoci, kuma tambayar da sabon shiga ya fi yi ita ce: atisaye nawa mutum zai yi a filin tsere kafin a ɗora masa agogo?

Babu wata doka ta duniya da ta yanke adadin ranaku ko awoyi. Akwai gasar da ake shiga da lasisin tuƙi na yau da kullum kawai, akwai kuma wadda ko zakaran duniya sai ya zauna jarrabawa kafin a buɗe masa ƙofa. Abin da tsare-tsaren ƙasashe suka yi tarayya a kai shi ne yaye: wani wanda ya san aikin, malami ko alƙalin fili, ya ga tuƙin mutum da idonsa, ya sa hannu cewa ya isa ya hau mataki na gaba. Haɗarin fili da ƙarfin mota su ne ke ƙayyade tsawon wannan tsani.

Ire-iren gasar

Mafi sauƙi ita ce gasar da ake shiryawa a faffaɗan fili na kwalta, kamar wurin ajiye motoci ko tsohon filin jirgin sama, a jera robobin alama masu tsini su fitar da hanya mai yawan lanƙwasa. A Amurka ana kiranta otokuros, kuma ƙungiyar SCCA, wadda aka kafa a 1944, tana cikin manyan masu shirya ta. Mota ɗaya ke shiga a lokaci guda, zagayen kan ɗauki kimanin minti ɗaya, gudun bai cika wuce na babban titi ba, kuma duk robar da direba ya buge ana ƙara masa daƙiƙa 2. Ba a neman wata ƙwarewa ta filin tsere. Lasisin tuƙi, hular kwano da mota mai lafiya sun wadatar, kuma kafin a fara kowa kan taka hanyar da ƙafa ya haddace ta.

Sai gasar hawan tudu, wadda ta girmi yawancin filayen tsere na duniya. Ta Shelsley Walsh a Ingila ana yin ta tun 1905 a kan tazarar mita 914. Ta Pikes Peak a Amurka ta fara a 1916, tsawonta kusan kilomita 20, da lanƙwasa 156, kuma tana ƙarewa a ƙololuwar dutse mai tsayin fiye da mita 4,300. A Afirka ta Kudu akwai ta Simola a garin Knysna, wadda ta fara a 2009. Suna ɗaya suke amsawa, amma tsakanin ɗan gajeren tudu da dutsen da gefensa rami ne akwai nisa wajen sharuɗɗa.

Na uku shi ne farautar zagaye mafi sauri a cikakken filin tsere, salon da ya yi suna a Japan, musamman a filin Tsukuba mai tsawon kimanin kilomita 2. A nan motoci da yawa ke cikin fili tare, masu sauri suna cim ma marasa sauri, kuma a nan ne batun ƙwarewa ya fi zafi. Na huɗu shi ne rali, inda ake rufe wani yanki na hanyar burji, ta daji ko ta hamada, a saki motoci bi da bi, mataimakin direba yana karanta masa bayanin abin da ke gaba. Akwai kuma rali na daidaita gudu, wanda a cikinsa ake neman direba ya isa kowace tasha daidai lokacin da aka ba shi, ba gaggawa ba jinkiri. Shi ne mafi ƙarancin haɗari a dangin rali.

Abin da agogo ke canzawa

A ƙasashen da wasan ya kafu, filayen tsere kan buɗe ranakun atisaye ga jama'a, mutum ya zo da motarsa ya biya ya yi zagaye. A Birtaniya masu shirya irin waɗannan ranaku kan hana auna lokaci gaba ɗaya, kuma babban dalili shi ne inshora: da zarar an kunna agogo, kamfanonin inshora kan ɗauki taron a matsayin gasa. Haka abin yake a tsohon filin Nürburgring na Jamus a ranakun da ake buɗe shi ga baƙi. Duk mai lasisi da motar da doka ta yarda da ita a titi zai iya sayen tikiti ya shiga, amma dokokin titi ne ke aiki, kuma an haramta tsere da auna lokaci.

Dalilin wannan tsanani yana cikin halin ɗan Adam da kuma lissafi. Direban da ke atisaye yana taka birki da wuri, yana barin wa kansa sarari. Wanda ya ga cewa rabin daƙiƙa ce tsakaninsa da abokin hamayya zai jinkirta birkin da 'yan mitoci, kuma waɗannan mitocin su ne sararin da a da ke shanye kuskurensa. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. A gudun 160 tana cin mita 44. Ƙarfin da birki zai kashe kuwa ba ya tafiya kai ɗaya da gudu, yana ninkuwa ne: daga 100 zuwa 160 ya haura ninki biyu da rabi. Motar zamani da ke tsayawa cikin kimanin mita 40 daga gudun 100 a busasshiyar kwalta, za ta buƙaci kusan mita 100 daga gudun 160.

Duk wannan ƙarfi zafi yake komawa. Bayan 'yan zagaye birkin motar titi kan fara laushi, ko don takalmin birkin ya yi zafi fiye da ƙima, ko don man birkin ya tafasa. Man birki mai lambar DOT 4, idan sabo ne, ƙa'idarsa kada ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Salshiyas, amma idan ya tsufa ya sha danshi iyakar kan sauko zuwa 155. Direban da ya saba da fili yana jin wannan laushi a tafin ƙafarsa tun yana ƙarami, ya sassauta ya huce motar. Sabon shiga sau da yawa sai a bakin lanƙwasa yake gane cewa birkin ya tafi.

Yadda ake yaye direba

Tsarin da ya fi fitowa fili shi ne na wata ƙungiyar wasan motoci ta Amurka mai suna NASA, wadda aka kafa a 1991, kuma ba ta da alaƙa da hukumar sararin samaniya mai irin wannan suna. Ta raba atisaye zuwa matakai huɗu. A na farko malami yana zaune a gefen direba, ana haɗawa da darasi a aji, kuma ba a wuce mota sai a miƙaƙƙiyar hanya da aka ware. A na biyu direba ya fara fita shi kaɗai, amma ƙa'idar wucewa tana nan. A na uku an faɗaɗa wuraren da aka yarda a wuce. A na huɗu ana wucewa a ko'ina cikin fili. Sai wanda ya kai wannan matsayi, jami'in ƙungiya ya amince da shi, ake ba lasisin gasar agogo. Ƙungiyar SCCA ta fi sassauci: tana karɓar sababbi a gasarta ta agogo, amma ta ware musu rukuninsu da tsauraran ƙa'idojin wucewa. Wato a ƙasa ɗaya ma amsar ta kasu biyu.

A Birtaniya hukumar Motorsport UK ce ke ba da lasisi. Ƙananan gasanni na fili mai robobi ana shigarsu da lasisi na kyauta. Gasar hawan tudu da motar titi tana buƙatar lasisi na kuɗi amma ba tare da jarrabawar tuƙi ba. Mai son cikakken tsere kuwa sai ya ci jarrabawar ARDS, wadda ta ƙunshi rubutacciyar jarrabawa, musamman a kan tutoci, da kuma zagaye tare da malami. Malamin yana duba natsuwa da bin ƙa'ida, kuma ɗalibin da motarsa ta juya da shi ko ta fita daga kwalta yana iya faɗuwa komai saurinsa. Bayan an ci, sabon direba yana manna wata alama a bayan motarsa, baƙin gicciye a kan rawaya, don na baya su san wanda suke bi. Ba ya cire ta sai ya tara sa hannun jami'ai na tsere shida. Masu son rali suna da tasu jarrabawar mai suna BARS.

Jamus ta nuna cewa ƙwarewar wani fili ba ta isa shaida a wani ba. Zagayen arewa na Nürburgring, wanda aka buɗe a 1927, tsawonsa kilomita 20.8 ne, cike da hawa da gangara da lanƙwasar da ba a ganin bayanta. Mai son yin gasa a nan yana buƙatar izini na musamman daga hukumar wasan motoci ta Jamus, kuma izinin yana da darajoji. A watan Satumba na 2025 Max Verstappen, wanda a lokacin ya riga ya ci kambun Formula 1 sau huɗu a jere, ya zauna darasi da jarrabawa, sannan ya yi tsere da wata Porsche Cayman da aka rage wa ƙarfi, kafin a ba shi izinin tuƙa manyan motoci. Mako biyu bayan haka ya ci tsere a filin da Ferrari. Wasu sun ga abin dariya ne a sa irin wannan direba a ajin koyo, amma dokar ba ta tambayar ko mutum ya iya gudu, tana tambayar ko ya san inda tutoci suke da yadda ake ratsa cunkoson ƙananan motoci a wannan fili.

Haka ake yi a tseren Indianapolis 500 na Amurka. Duk wanda bai taɓa yin sa ba sai ya bi gwajin sababbi. Fernando Alonso, zakaran Formula 1 sau biyu, ya bi shi a 2017: zagaye 10 a gudun mil 205 zuwa 210 a awa, zagaye 15 a 210 zuwa 215, sannan 15 a sama da 215, wato fiye da kilomita 345 a awa. Abin lura shi ne matakai biyu na farko suna da rufi. Direban da ya zarce gudun da aka ba shi bai cika sharaɗi ba.

A can ƙoli, hukumar wasan motoci ta duniya, FIA, wadda aka kafa a 1904, ta tsaurara sharuɗɗan lasisin Formula 1 daga 2016, bayan Verstappen ya fara tsere yana da shekara 17. Ta sa sharaɗin shekara 18, da maki 40 da ake tarawa daga ƙananan gasanni, da tuƙin gwaji na aƙalla kilomita 300 a motar Formula 1.

Lissafin ranaku da abin da malamai ke dubawa

Ƙidayar ranaku tana yaudara. Ranar atisaye guda kan ba direba fita huɗu ko biyar na kimanin minti 20, wato awa ɗaya da rabi a kan sitiyari. Mai cewa ya yi ranaku goma, awa 15 ke nan ya yi. Idan duk a fili ɗaya ya yi su, cikin rani, da mota ɗaya, to abin da ya koya shi ne wannan fili. Wanda ya yi rabin haka a filaye daban-daban, ya taɓa tuƙi cikin ruwan sama, ya taɓa jin bayan mota ya zame ya kamo ta, yana iya fin sa shiri. Shi ya sa ƙungiyoyi suka fi dogara da littafin shaida da malamai ke sa wa hannu.

Abu na farko da ake dubawa shi ne idon direba. A gefen fili akwai rumfunan masu tuta, kuma tuta ita ce harshen da fili ke magana da shi. Rawaya na nufin haɗari a gaba, a rage gudu, ba wucewa. Ja na nufin an tsayar da zagaye. Shuɗiya na gaya wa direba cewa mai sauri yana bayansa. Baƙa kira ce gare shi ya fito. Mai ratsin ja da rawaya na nufin kwalta tana santsi, ko mai ya zuba ko ƙasa ta hau. Malamai kan tambayi ɗalibi bayan ya fito wace tuta aka ɗaga a rumfa kaza. Wanda hankalinsa duka ya tafi ga sitiyari da giya, har bai ga tutar ba, bai isa agogo ba tukuna.

Na biyu shi ne daidaito. Direban da zagayensa biyar a jere suka yi kusa da juna a lokaci ya san abin da yake yi. Wanda ya yi ɗaya mai sauri ƙwarai, ɗaya a cikin ciyawa, sa'a yake ci. Na uku madubi ne da ladabin wucewa: ganin mota tun daga nesa, riƙe layi ba tare da kauce-kauce ba, da nuna wa na baya gefen da zai bi. Akwai kuma abin da ba a rubutawa a takarda amma kowane malami yana lura da shi, wato ko ɗalibi yana karɓar gyara, kuma ko yana iya haƙura da zagayen da ya lalace maimakon ya nemi rama abin da ya rasa a lanƙwasa ta gaba.

Mota ma tana da nata gwajin. Kafin gasa jami'ai suna duba tayoyi, birki, bel, batir da hular kwano, wadda dole ta kasance mai hatimin wata ƙa'ida da aka yarda da ita, kamar ta Snell ko ta FIA. Yayin da gudu ya ƙaru ana ƙara sharaɗin kejin ƙarfe a cikin mota, kayan sawa marasa kama wuta, da na'urar riƙe wuya, wadda ta zama dole a Formula 1 daga 2003.

Gasar Dakar a Nijar

Babbar gasar agogo da ta taɓa ratsa ƙasashen da Hausawa ke zaune ita ce ta Paris zuwa Dakar. Wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ne ya ƙirƙiro ta, bayan ya ɓace a hamada da babur a 1977 yayin gasar Abidjan zuwa Nice. Ta farko ta tashi daga Paris ranar 26 ga Disamba 1978, ta bi ta Aljeriya ta shiga Nijar ta Agadas da Yamai, ta wuce Mali, ta isa Dakar ranar 14 ga Janairu 1979. Motoci da babura 182 suka tashi, 74 suka kai. A shekarun da suka biyo baya Agadas ta zama babbar tashar gasar, kuma ta 1989 ta sauko daga Agadas ta bi ta Tawa zuwa Yamai.

A farkon al'amari ƙofar a buɗe take ga kusan duk mai abin hawa da kuɗin shiga, kuma sakamakon haka bai ɓoyu ba. A 1982 Mark Thatcher, ɗan firaministar Birtaniya ta lokacin, ya ɓace kwana shida a hamadar Aljeriya tare da direbarsa da makanikensu, sai jirgin sojan Aljeriya ne ya gano su. Ya taɓa yin tseren awa 24 na Le Mans kafin nan, amma sanin filin kwalta bai koya masa karanta hamada ba. A 1983, shekarar da gasar ta fara ratsa Tenere, guguwar rairayi ta ɓatar da kimanin mutum 40, aka kwashe kwanaki ana nemo su ta sama. Sanin ƙasa irin na Buzayen Agadas, kamar Mano Dayak wanda ya yi aiki da Sabine, ya zama abin da masu shirya gasar ba su iya yi ba tare da shi ba. Shi kansa Sabine ya mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali ranar 14 ga Janairu 1986.

Haɗarin bai tsaya kan masu gasa ba. A 1988 mutum shida suka mutu, uku daga cikinsu mazauna garuruwan da motocin suka ratsa. A 2000 an kwashe gasar ta jirgin sama daga Yamai zuwa Libiya saboda barazanar tsaro, a 2008 aka soke ta, ta koma Kudancin Amurka daga 2009, sannan Saudiyya daga 2020. A yau masu shirya ta suna tace masu babur da takardun abin da suka yi a baya, kuma sabon shiga sai ya nuna ya kammala wata gasar hamada da aka amince da ita, kamar ta Maroko.

Halin da ake ciki a Najeriya

Ƙungiyar da ke wakiltar Najeriya a FIA ita ce ATCN. Wasan bai yi jijiya a ƙasar ba kamar a Kenya, inda ake gasar Safari tun 1953, ko Kodibuwa mai gasar Bandama tun 1969, ko Afirka ta Kudu mai filin Kyalami. Akwai filin tsere a Evbuobanosa cikin Jihar Edo. A arewa, sunan da aka fi sani shi ne ralin motoci na Argungu, wanda ya daɗe yana cikin shagulgulan bikin kamun kifi na Matan Fada a Jihar Kebbi. Lokacin da aka farfaɗo da bikin a watan Maris na 2020 bayan dogon hutu, motocin sun tashi ne daga Abuja, tare da hannun hukumar ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ƙarƙashin Jelani Aliyu, kuma an yi amfani da tafiyar wajen baje kolin motocin da ake haɗawa a cikin gida.

Saboda ƙarancin filaye, tsanin da aka bayyana a sama ba shi da matakan ƙasa a yawancin arewa. Abin da matashi ke da shi shi ne lasisin tuƙi, wanda ake bayarwa daga shekara 18 ta hannun Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, da jami'an duba motoci. Wannan lasisi shaida ce ta bin titi: gudun kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya ga ƙananan motoci. Bai auna abin da mutum zai yi idan taya ta kai iyakar riƙonta ba.

Direban haya da ya shekara goma yana bin hanyar Kano zuwa Haɗeja, ta Jogana da Gezawa da Ringim, yana da ƙwarewa ta gaske: yana hango rami, yana karanta niyyar mai babur tun kafin ya karkata, yana sanin kukan injinsa. Duban nesa da jin mota suna amfani a filin tsere. Amma shekarunsa duka ya yi su ne yana guje wa iyakar mota, gasa kuwa a bakin wannan iyaka ake yin ta. Tsarin da ya bi ya zama direba, daga yaron mota mai wanki da ɗaurin kaya zuwa ranar da maigidansa ya miƙa masa makulli, ya fi kama da tsarin yaye na filayen tsere fiye da jarrabawar lasisi, domin a duka biyun idon maigida ne ke yanke hukunci.

Ƙaramar hukumar Gezawa, a arewa maso gabashin birnin Kano, misali ce ta dalilin da ya sa hanyar gari ba ta maye gurbin fili. Yankin yana cikin karkarar Kano mai cunkoson jama'a, inda gona ke manne da gona, gidaje a warwatse cikinsu, kuma kusan babu fegin da ba a noma. Kowace hanyar burji tana da masu ita: amalanken shanu, yara masu kiwo, 'yan makaranta, masu kai kaya kasuwa. Da damina gero da dawa kan yi tsayi su rufe ganin lanƙwasa. A gasar rali ta ƙa'ida ana rufe hanya gaba ɗaya, a sa masu tsaro a kowace mahaɗa, a tura motocin share fage masu lamba 000 da 00 da 0 su bi ta kafin motar farko, a ajiye motar asibiti a mafari. A ƙauyuka masu yawan mahaɗa irin na Gezawa wannan aiki ne mai tsadar gaske, kuma idan babu shi abin da ake yi ganganci ne. Wasan mota da na babur da matasa kan yi a bukukuwan aure da wasu titunan birane, wanda hukumomi ke yawan gargaɗi a kansa, ba ya shiga lissafin ƙwarewa a wurin kowace ƙungiyar gasa, domin ba shi da malami, ba tuta, ba littafin shaida.

Abin da ya fi dacewa da irin wannan wuri shi ne mataki mafi ƙasa na tsanin: killataccen fili, robobin alama, mota ɗaya a lokaci guda, 'yan kallo a bayan shinge nesa da inda mota za ta iya zamewa. Kayan aikinsa ba su da yawa, kuma shi ne nau'in da ko a ƙasashen da suka ci gaba a wasan ba a neman ƙwarewar farko kafin a shige shi.

Ƙananan motocin kat da wasan kwamfuta

Yawancin manyan direbobi sun fara ne da ƙananan motocin kat tun suna yara. Lewis Hamilton ya fara yana da shekara 8. Kat tana koyar da layin shan kwana, birki da tutoci a gudun da kuskure bai cika kisa ba, kuma ƙungiyoyi da yawa suna la'akari da tarihin mutum a kat idan ya nemi lasisin mota.

Wasan tsere na kwamfuta kuwa yana koyar da taswirar fili da wuraren taka birki, amma ba ya koyar da zafi, gajiya, tsoro ko nauyin da ke danne jiki a lanƙwasa. Jann Mardenborough na Birtaniya ya ci gasar GT Academy ta Nissan da Sony a 2011 daga wasan Gran Turismo. Kafin a kai shi tseren awa 24 na Dubai a Janairun 2012, sai da ya yi watanni yana ƙananan tsere a filayen Birtaniya yana tara sa hannun da lasisin ƙasa da ƙasa ke buƙata. A 2013 ya zo na uku a rukuninsa a Le Mans. A watan Maris na 2015 motarsa ta tashi sama a wani tudu na Nürburgring ta faɗa cikin 'yan kallo, mutum ɗaya ya mutu, kuma bayan wannan haɗari aka sa iyakar gudu ta wucin gadi a sassan filin, aka kuma gyara kwaltar wurin da shingayensa.